An soke dokar 2015-36, amma dokokin hayin iyaka suna nan daram

A watan Nuwamba na 2023 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya soke dokar 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure a Nijar. Motocin Agadas suka koma hanya, kuma tun daga lokacin matasa a tashoshin Damagaram ke cewa hanya ta buɗe. Gaskiya ne, amma buɗewar ta tsaya a iyakarmu. Da ka wuce Asamaka, garin da ke kusa da iyakarmu da Aljeriya, ko ka taka ƙasar Libiya, dokar masu ƙasa ce ke kanka, kuma a wuraren da hukuma ba ta jin tsoron alƙali, ba ka da wurin kai ƙara cikin sauƙi.

A Aljeriya, dokar 08-11 ta shekarar 2008 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ga wanda ya shiga ba da izini ba. Bara ma laifi ne a can, abin da ya shafi matan Kance da Matamai kai tsaye. Sai dai yawancin mutanenmu ba sa ganin kotu. Samame ake yi a wurin gini ko a masauki, a loda mutane a mota zuwa Tamanrasat, daga nan a sauke su a iyaka. Kuɗin aikin da kake bin mai gida da kayanka duk sun zauna can. Wannan ne ya fi ci mini rai, mutum ya yi wata takwas yana ɗaukar bulo ya dawo da rigar jikinsa kawai.

Libiya ta fi tsanani. Dokarta mai lamba 19 ta 2010 ta ce a tsare baƙon haure da aikin wahala ko a ci shi tara, sannan a kore shi, kuma ba ta faɗi iyakar kwanakin tsarewar ba. Wasu gidajen tsarewar ma a hannun ƴan bindiga suke, sai dangi sun aika kuɗi ake sakin mutum.

Masu zuwa Saudiyya da biza su ma kada su saki jiki. Iznin zaman ƴar aikin gida a ɗaure yake da kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zuwanta. In ta gudu saboda wulaƙanci, shi zai riga ta kai rahoto, ita ce za ta zama mai laifi. Safarar ƙwaya kuwa hukuncin kisa ne a can, don haka saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, kada ka ɗauka, ko na maƙwabcinka ne. Waya ma shaida ce: abin da ka rubuta a Facebook ko ka tura a WhatsApp kan masu mulkin ƙasar zai iya zama tuhuma.

Haƙƙi ɗaya ne ke bin ka ko'ina. Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ya ce baƙon da aka kama yana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa ba tare da jinkiri ba. Amma sai ka nema da bakinka, ka maimaita. Kada ka sa hannu ko ɗan yatsa a takardar Larabci da ba a fassara maka ba. Kafin ka bar gida, ka bar wa iyali kwafin fasfo ko katin ɗan ƙasa, da lambar wanda za ka sauka wurinsa, domin ranar da waya ta daina shiga, da waɗannan takardu ne za su fara cigiya.