Kotunan Amurka da Shari'o'in Tsaron Ƙasa a Zamanin Farautar 'Yan Kwaminisanci

Daga shekarar 1947 zuwa ƙarshen shekarun 1950, Amurka ta shiga wani yanayi na tsoron kwaminisanci da ake yawan jinginawa ga Sanata Joseph McCarthy, kodayake tsoron ya riga shi fitowa, kuma bai gushe da faɗuwarsa ba. A tsakanin nan an sallami ma'aikatan gwamnati bisa zargin rashin biyayya ga ƙasa, an ƙwace fasfo, an kori baƙi, an ɗaure shugabannin Jam'iyyar Kwaminis. Kusan kowane irin mataki sai da ya je gaban alƙali. Kotunan kuwa, har da Kotun Ƙoli, sun ba gwamnati gaskiya a yawancin manyan shari'o'i lokacin da tsoro ke kan ganiyarsa. Sai da ƙura ta fara lafawa suka soma taka mata birki.

Tsoron yana da tushe. A watan Agustan 1949 Tarayyar Soviet ta gwada makamin nukiliyarta na farko, a Oktoba Mao Zedong ya karɓi mulkin ƙasar Sin, a Yunin 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Akwai kuma 'yan leƙen asiri na gaske a cikin gwamnati. Matsalar ita ce ba a cika bambance mai satar sirri da mai ra'ayi kawai ba.

Shari'ar shugabanni goma sha ɗaya

Babban makamin gwamnati shi ne Dokar Smith ta 1940, wadda ta haramta koyarwa ko yin kira ga kifar da gwamnati da ƙarfi, da haɗa baki don yin hakan. A Yulin 1948 aka tuhumi manyan jam'iyyar su 12. An ware William Z. Foster saboda rashin lafiya, sauran 11 suka gurfana a kotun tarayya da ke dandalin Foley a birnin New York, gaban Alƙali Harold Medina, daga Janairu zuwa Oktoban 1949.

Masu gabatar da ƙara ba su kawo bindiga ko taswirar kai hari ba. Littattafai suka tara a gaban kotu, rubuce-rubucen Marx da Lenin da Stalin, waɗanda ake samu a ɗakunan karatu, suna karanta wa masu taimaka wa alƙali sashe-sashe. Babban mai shaidarsu, Louis Budenz, tsohon editan jaridar jam'iyyar, ya ce 'yan kwaminisanci da harshen damo suke magana: idan takardunsu sun ambaci kawo sauyi cikin lumana, akasin haka ake nufi. Wannan shaida ta toshe wa waɗanda ake tuhuma kowace ƙofa, domin ko sun yi kiran tashin hankali ko sun yi kiran zaman lafiya, duk hujja ce a kansu. An same su da laifi. Goma sun sami shekara biyar-biyar da tarar dala 10,000, Robert Thompson kuma shekara uku, albarkacin bajintarsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Nan take Medina ya yanke wa lauyoyinsu biyar ɗaurin kwana 30 zuwa wata shida saboda raina kotu. Bayan haka samun lauyan da zai tsaya wa ɗan kwaminisanci ya zama jan aiki.

A kotun ɗaukaka ƙara, Alƙali Learned Hand ya kawo ma'auni: a duba girman sharrin da ake tsoro, a rage masa gwargwadon rashin yiwuwarsa, sannan a ga ko abin da ya rage ya kai a tauye 'yancin magana. Da yake kifar da gwamnati sharri ne mafi girma, ko yiwuwarsa kaɗan ce ta wadatar. Ranar 4 ga Yunin 1951, a shari'ar Dennis (sunan Eugene Dennis, ɗaya daga cikin waɗanda aka hukunta), Kotun Ƙoli ƙarƙashin Babban Alƙali Fred Vinson ta amince da hukuncin da ƙuri'a 6 da 2. Alƙali Felix Frankfurter ya ce auna tsaro da 'yanci aikin Majalisa ne, ba na alƙalai ba. Alƙali William O. Douglas, wanda ya ƙi yarda, ya kwatanta 'yan kwaminisancin Amurka da 'yan kasuwar da hajarsu ta yi kwantai. Alƙali Hugo Black, wanda shi ma ya ƙi yarda, ya yi fatan idan hankula suka kwanta, wannan kotu ko wata bayanta za ta mayar da 'yancin magana matsayinsa. Hukuncin ya buɗe hanya aka tuhumi wasu 'yan jam'iyyar fiye da 100.

Shaidar da ba a gani

A 1951 Kotun Ƙoli ta rabu 4 da 4 kan ƙarar Dorothy Bailey, ma'aikaciyar gwamnati da aka sallama bisa maganar masu kai rahoto da ba a taɓa gaya mata sunayensu ba, don haka sallamar ta zauna. A 1952 ta amince da dokar jihar New York ta korar malaman makaranta da ke cikin ƙungiyoyin da ake zargi.

Shari'ar Reynolds ta 1953 ta fi daɗewa tana tasiri. Jirgin yaƙi samfurin B-29 ya faɗi a jihar Georgia a 1948, matan wasu fararen hula uku da suka mutu a ciki suka nemi rahoton haɗarin. Rundunar sojan sama ta ce akwai sirrin ƙasa a ciki, Kotun Ƙoli ta yarda ba tare da alƙali ya ko leƙa takardar ba. Da rahoton ya fito fili bayan kusan shekara hamsin, ba a ga bayanin wasu na'urorin sirri ba, sai alamun sakaci wajen kula da jirgin. Har yau gwamnatin Amurka na dogara da wannan hukunci wajen hana kotu ganin takardu.

Ta Julius da Ethel Rosenberg kuwa ta leƙen asiri ce. Alƙali Irving Kaufman ya yanke musu hukuncin kisa a 1951 bisa haɗa baki wajen miƙa sirrin nukiliya. Ranar 17 ga Yunin 1953 Douglas ya dakatar da kisan. Aka kira alƙalai daga hutu, suka soke dakatarwar ranar 19 ga wata, a yammacin ranar aka kashe ma'auratan a kurkukun Sing Sing. Saƙonnin Soviet da aka fitar a 1995 sun tabbatar Julius ɗan leƙen asiri ne. Amma ƙanen Ethel, David Greenglass, ya amsa a 2001 cewa shaidar da ya bayar ta ganin yayarsa tana buga bayanan da tafireta ba gaskiya ba ce.

Jar Litinin da abin da ya biyo baya

Vinson ya rasu a 1953, Earl Warren ya gaje shi. Yaƙin Koriya ya tsaya, Majalisar Dattawa ta tsawata wa McCarthy a Disamban 1954. Ranar Litinin 17 ga Yunin 1957 kotun ta fitar da hukunce-hukunce huɗu da masu suka suka laƙaba wa suna Jar Litinin. A shari'ar Yates, Alƙali John Marshall Harlan ya raba koyar da aƙida da tunzura mutane su aikata wani abu, ya ce na biyun ne kawai doka ta hana. An soke hukuncin 'yan jam'iyya 14 na California, kuma daga nan tuhuma da Dokar Smith ta kusa tsayawa cak. A shari'ar Watkins aka ce dole kwamitin Majalisa ya bayyana wa mai shaida dangantakar tambaya da binciken da ake yi. Mako biyu kafin nan, a shari'ar Jencks, an wajabta nuna wa wanda ake tuhuma rahotannin da masu shaida suka ba hukumar binciken tarayya ta FBI.

Galibin hukunce-hukuncen nan ta hanyar fassara doka da ƙa'idojin shari'a aka bi, ba a fito aka ce Dennis kuskure ba ne. Duk da haka Majalisa ta harzuƙa. Ƙudurin Sanata William Jenner na ƙwace wa kotun ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki da ƙyar aka kayar da shi a 1958, da ƙuri'a 49 da 41. Kotun ta ja da baya: a 1959 ta tabbatar da ɗaurin malamin jami'a Lloyd Barenblatt saboda ƙin amsa tambayoyin kwamitin Majalisa, a 1961 kuma na Junius Scales saboda zama ɗan jam'iyya, duka da ƙuri'a 5 da 4. Sai a 1969, a shari'ar Brandenburg, aka kafa ƙa'idar cewa ba a hukunta magana sai idan tana nufin haddasa karya doka nan take, kuma akwai yiwuwar ta haddasa. Wanda ya ci wannan ƙara ba ɗan kwaminisanci ba ne, jagoran ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ne.

Farautar ta taɓa masu fafutukar 'yancin Afirka. An gurfanar da W. E. B. Du Bois, marubuci baƙar fata mai fafutuka, a 1951, yana da shekara 83, bisa zargin yi wa ƙasar waje aiki ba tare da rajista ba. Alƙali ya wanke shi, amma gwamnati ta riƙe fasfonsa, shi ya sa bai halarci bikin 'yancin kan Ghana a 1957 ba. Ya samu fasfon bayan hukuncin Kent na 1958, wanda ya ce Majalisa ba ta ba ma'aikatar harkokin waje ikon hana fasfo saboda ra'ayin siyasa ba. A 1961 ya koma Ghana bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ya rasu a Accra a watan Agustan 1963.