Kafin a ce za a yi wa ɗan majalisa kiranye, ga abin da doka ta tanada

Ranar 13 ga Janairun 2025 'yan Majalisar Dokokin Legas suka tsige Mudashiru Obasa daga kujerar kakaki, suka ɗora Mojisola Meranda. Ranar 3 ga Maris ta sauka, ya koma. A tsakanin makonnin nan bakwai, babu teburin mai shayi a Agege da ba a ja maganar ba, domin mazaɓar Agege ta ɗaya yake wakilta, inda Hausawa suka daɗe da kafa kaka-gida. Wasu sun ɗauka tunda an tsige shi, shi ke nan ya bar majalisa. A'a. Kujerar kakaki 'yan majalisa ne ke bayarwa, su ke karɓewa. Kujerar wakilci kuwa masu zaɓe suka ba da ita, kuma hanyoyin raba mutum da ita a rubuce suke cikin kundin tsarin mulki na 1999.

Wadda aka fi ji a baki ita ce kiranye. Sashe na 69 ya tanade ta ga sanata da ɗan majalisar wakilai, sashe na 110 kuma ga ɗan majalisar jiha. Sai fiye da rabin mutanen da suka yi rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke cewa sun daina amincewa da wakilinsu, a kai wa shugaban hukumar zaɓe ta INEC. Hukumar ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 daga karɓar takardar.

A lura da kalmar nan: masu rajista. Ba waɗanda suka fito ranar zaɓe ake ƙidayawa ba, duk sunan da ke cikin kundin ake lissafawa, har da wanda ya tashi daga unguwar tun tuni. Mutum yana iya cin zaɓe da ƙuri'u kaɗan saboda jama'a ba su fito ba, amma cire shi sai an tara rabin kundin da ɗoriya. Shi ya sa tun 1999 ba a taɓa cire kowa ta wannan hanya ba. A Kogi ta Yamma an gwada a kan Dino Melaye. Da aka zo tantancewa a Afrilun 2018, sa hannun da aka tabbatar bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na masu rajista ba. A 2025 aka sake gwadawa a kan Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, INEC ta ce sa hannu 208,132 aka kawo daga cikin masu rajista 474,554, wato rabin ma ba a kai ba, maganar ta mutu a nan.

Akwai abin da ya shafe mu Hausawa mazauna Legas kai tsaye. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin a kasuwar Mile 12 da ke Kosofe yana sayar da tumatir da albasa, amma katin zaɓensa na Funtuwa ne ko Gaya, ba shi da hurumin sa hannu a kan ɗan majalisar Kosofe. Haraji a nan yake biya, dokar nan ke hawa kansa, amma sunansa yana wani kundin. INEC tana ba da damar mayar da rajista daga wata mazaɓa zuwa wata lokacin da aka buɗe rajistar masu zaɓe. Da yawanmu ba ma yi, mun fi son mu hau mota mu tafi gida zaɓe. Ra'ayi ne, amma yana da tsada.

Ko ba kiranye, ɗan majalisa yana iya rasa kujerarsa. Tsarin mulki ya ce kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na ranakun da aka zauna a shekara ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kujerarsa ta faɗi. Haka sashe na 68 da na 109 suka ce. Haka nan wanda ya sauya sheƙa kafin wa'adinsa ya cika, sai fa idan jam'iyyar da ta tsayar da shi ta dare biyu ko ta haɗe da wata. Sai dai shugaban zauren ne ke zartar da hukuncin, kuma a hannunsa ake samun shaidar uzuri. In mai fashin ɗan gaban goshi ne, ko mai sauya sheƙar jam'iyyar shugaba ya koma, kowa ya san yadda ake ƙarewa.

Rigar kariyar nan ta sashe na 308 kuwa ba ta rufe 'yan majalisa ba. Ta shugaban ƙasa ce da mataimakinsa, da gwamna da mataimakinsa. Abin da ɗan majalisa yake da shi kawai shi ne ba a gurfanar da shi kan maganar da ya furta a cikin zaure.

To ta yaya za a san abin da wakili ya yi a shekara huɗu? Majalisa tana da rubutu iri uku. Akwai jadawalin ranar, mai nuna abin da za a tattauna da sunan wanda ya kawo shi. Akwai taƙaitaccen bayanin abin da aka zartar, wanda ake amincewa da shi a zama na gaba. Sai babban kundin da ake kira Hansad, inda ake rubuta maganar kowa. Daga nan ake gane wanda ya kawo ƙudurin doka, da wanda ya tashi ya yi magana kan gobarar kasuwa ko rusau, da wanda bai taɓa buɗe baki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙuri'a. Yawanci da murya ake yi: masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, shugaba ya buga guduma ya ce wane ɓangare ya rinjaya. Ba a rubuta sunan kowa. Sai idan wani ya ƙi yarda ya nemi a ƙidaya ɗaya bayan ɗaya. Haka ta faru a Majalisar Dattawa a Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta intanet, da Enyinnaya Abaribe ya nemi a ƙirga: 52 a gefe guda, 28 a ɗaya gefen, wasu 28 ba su cikin zaure. Washegari jaridu suka jera sunaye. Irin wannan rana ba ta cika zuwa ba, kuma a ganina rashinta ya fi wahalar kiranye cutar da mai zaɓe.

A Majalisar Dokokin Legas da ke Alausa, cikin Ikeja, mutum 40 ne ke zama, biyu daga kowace ƙaramar hukuma cikin 20. Su suka zartar da dokar sufuri ta 2018 da gwamnati ta dogara da ita ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, har da Ikeja da Surulere da Apapa. Su suka zartar da dokar hana kiwon sake a Satumbar 2021. Kowa a Idi-Araba ko Alaba Rago ya san wanda waɗannan dokoki suka taɓa. Kuma kafin a zartar da manyan dokoki akan kira zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ke iya miƙa matsayarta a rubuce. Kuka bayan an buga guduma ihu ne bayan hari.

Idan aka hana ka ganin takarda, akwai dokar 'yancin samun bayanai da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011. Wasiƙa za ka rubuta wa akawun majalisa, ka faɗi ainihin abin da kake nema, misali rajistar halartar zama ta wata shekara. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kwana 7 suke da shi su amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa. In sun ƙi ko sun yi shiru, kana da kwana 30 ka garzaya kotu. An daɗe ana jayayya ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. Ka yi kwafi biyu na wasiƙar, ka tabbatar an buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka, domin daga ranar nan ake fara ƙirga kwana bakwai ɗin.