Ma'anar hawan jini a jikin tsohuwar kyanwa

Hawan jini kalma ce da muka saba ji a bakin dattawa, amma likitocin dabbobi ma suna amfani da ita a kan kyanwa, musamman wadda ta manyanta. Abin da ake nufi shi ne ƙarfin da jini yake matsa bangon jijiyoyi da shi ya wuce kima, kuma ya dawwama a haka. Lambar sama ta awon ake dubawa: ƙasa da 140 lafiya lau ne, daga 160 an shiga hawan jini, idan kuwa ta kai 180 to abin ya yi tsanani.

Galibi ciwon ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan biyo bayan ciwon ƙoda da ya daɗe, ko kuma yawan aikin ƙullutun tayirod da ke wuya, wanda ke sa kyanwa ta riƙa cin abinci sosai amma tana ramewa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda yake ɓarna a ɓoye. Sau da yawa alamar farko da mai gida zai gani ita ce makanta: kyanwar da ta san kowane lungu na tsakar gida sai ta fara karo da turmi da ƙafar kujera, baƙin idonta ya buɗe ya yi faɗi ko da a cikin hasken rana, saboda jini ya fashe a cikin idon ko tantanin bayansa ya ɓamɓare. Idan aka gaggauta magani, wani lokaci gani yakan dawo, amma jinkiri yakan sa ya tafi ke nan. Zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda ma suna shan wahala.

Ana yin awon ne da ɗan ƙaramin maɗauri a ƙafar gaba ko a wutsiya, bayan an bar kyanwar ta natsu, kuma ana maimaitawa sau biyar zuwa bakwai, domin tsoro kaɗai yana ɗaga lambar. A ganina, kyanwar da ta kai shekara bakwai ta cancanci wannan awo kowace shekara.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne amlodipine, sau ɗaya a rana, yawanci daga miligiram 0.625, alhali ƙwayar da mutane ke sha galibi miligiram 5 ce ko 10. Saboda haka kada a ɗebi na mutanen gida a ba ta sai da umarnin likitan dabbobi.