Rashin Ganin Tsutsa a Bayan Gida Ba Shaidar Lafiya Ba Ce

A Zariya, da an ce wa uwa ta kai kashin yaro gwaji, sai ka ji ta ce ai ta duba fo, ba ta ga komai ba. Wannan kuskure ya daɗe, kuma yana damuna ƙwarai, domin yara ne ke shan wahalarsa.

Abin da ma'aikacin ɗakin gwaji ke nema ƙwai ne, ba uwar tsutsar ba. Yana lakutar ɗan kaɗan da tsinke, ya dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, ya sa a madubin likita. A nan ƙwan macijin ciki ke bayyana, da ƙwayoyin amiba masu kawo atini, waɗanda ido ba ya gani sam. Su kuwa amiba, maganin tsutsar da ake saye a kemis ba ya kashe su.

Ƙwan ma ba kullum yake fita ba, shi ya sa likita kan nemi samfuri har 3 a ranaku daban-daban. Ko asibitin Shika za a kai ko na Tudun Wada, a zuba a robar da aka bayar, kada fitsari ko ƙasa su taɓa shi, a kai da ɗuminsa, musamman in gudawa ce.