Gwajin Haraji na Jihar Kansas (2012 zuwa 2017)

Gwajin Kansas shi ne sunan da ake kiran wata zaftare haraji da gwamnan jihar Kansas ta Amurka, Sam Brownback ɗan jam'iyyar Republican, ya sa wa hannu a watan Mayun 2012, wadda majalisar dokokin jihar ta dawo ta rushe mafi yawanta a watan Yunin 2017. Sunan ma daga bakin gwamnan ya fito, don shi ne ya faɗa a wata hira ta talabijin cewa za su yi gwaji a zahiri kowa ya gani. Har yau duk jihar da masu ra'ayin riƙau suka taso da maganar rage haraji a Amurka sai ka ji an ambaci Kansas, wasu su ce a yi hattara, wasu su ce ai ba daidai aka yi gwajin ba.

Yadda jihar take samun kuɗi

Kansas jiha ce a tsakiyar Amurka, mutanenta kusan miliyan 2.9, babban birninta Topeka, arzikinta alkama da shanu da ɗan man fetur da kuma kamfanonin ƙera jiragen sama a Wichita. Jihohin Amurka ba su zama jiran kason wata-wata daga tarayya irin yadda jihohin Najeriya ke yi, kuɗin da Washington ke turowa yawanci an riga an ɗaure shi da wani aiki kamar lafiya ko hanyoyi, sauran hidima kuwa jiha ce ke nemo kuɗinta da kanta. Ƙafa uku ake tsayawa a kai: harajin kuɗin shiga, harajin sayayya da ake ɗorawa a kan kaya a kanti, sai harajin gida da fili wanda galibi na ƙananan hukumomi ne da makarantu. Kuma jiha ba ta buga kuɗi, doka ta tilasta mata kasafinta ya daidaita duk shekara, kenan in ƙafa ɗaya ta gajarta dole wani abu ya karkace nan take. A Kansas kimanin rabin babban asusun jihar makarantun firamare da sakandare ke cinye shi, wannan kuma shi ya sa rigimar ta ƙare a kan makarantu.

Abin da dokar ta ƙunsa

Kafin 2012 harajin kuɗin shiga hawa uku ne gwargwadon yawan abin da mutum ke samu, kashi 3.5 da 6.25 da 6.45 cikin ɗari. Sabuwar doka ta mai da shi hawa biyu, kashi 3 da kashi 4.9, ta fara aiki a Janairun 2013. Wannan dai ba wani sabon abu ba ne, jihohi da yawa sun yi irinsa. Inda Kansas ta yi abin da ba a saba gani ba shi ne ta ɗauke haraji kwata-kwata daga ribar kasuwancin da ke zuwa kai tsaye aljihun mai shi, wato irin kamfanin mutum ɗaya ko na haɗin gwiwa ko ƙananan kamfanonin da ake yi wa rajistar LLC, waɗanda kamfanin ba ya biyan haraji da sunansa sai dai mai shi ya biya a matsayin kuɗin shigarsa.

A ɗauki asibitin haƙori guda a Wichita. Likitan shi ne mai wurin, abin da ya samu riba ce, jiha ba ta taɓa ko sisi a ciki. Nas ɗin da ke miƙa masa kayan aiki da sakatariyar da ke ɗaukar waya a bakin ƙofa kuwa albashi suke karɓa, ana cire musu haraji kafin kuɗin ya shigo hannunsu. Haka manomi da yaron gonarsa, haka lauya da magatakardansa. To wa zai ga wannan ƙofa a buɗe ya ƙi shiga? Gwamnati ta yi lissafin kasuwanci kusan 191,000 ne za su amfana, ƙarshe masu cin gajiyar suka haura 300,000, kuma masu binciken da suka duba takardun haraji daga baya sun ga cewa abin ya fi kama da mutane sun sake wa kuɗin da dama suke samu suna, daga albashi ya koma riba, fiye da a ce sababbin shaguna da masana'antu aka buɗe. Har kocin ƙwallon kwando na Jami'ar Kansas, Bill Self, ya shiga labarai a 2016 saboda mafi yawan kuɗin da ake biyansa ta wani kamfaninsa na LLC suke bi.

Mashawarcin gwamnan a kan shirin shi ne Arthur Laffer, masanin tattalin arzikin nan da ya yi suna tun zamanin shugaban Amurka Ronald Reagan da ra'ayin cewa in an rage haraji kasuwa za ta buɗe, har abin da gwamnati za ta samu ya rufe giɓin. An biya shi dala 75,000. Brownback ya ce dokar za ta zama kamar allurar zaburar da zuciya ga tattalin arzikin Kansas, a 2013 kuma aka ƙara wata dokar da ta tsara a ci gaba da ragewa sannu-sannu da nufin wata rana harajin kuɗin shiga ya koma sifiri kamar a Texas da Florida. Tsarin farko da gwamnan ya kai majalisa yana da wasu hanyoyin cike giɓi, kamar soke wasu rangwamen haraji, amma 'yan majalisa suka cire su suka bar zaftarewar tsurarta, shi kuma ya sa hannu a haka. A watan Agustan 2012, a zaɓen fidda gwani, aka kayar da sanatocin Republican masu sassaucin ra'ayi da dama har da shugaban majalisar dattawan jihar Steve Morris, da taimakon kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ta jihar da ƙungiyar Americans for Prosperity mai alaƙa da hamshaƙan attajiran nan iyalan Koch, waɗanda hedikwatar kamfaninsu ma a Wichita take.

Giɓi

A shekarar kasafi ta 2014 kuɗin da jihar ke samu daga harajin kuɗin shiga ya faɗi da kusan dala miliyan 700. An ga hadari an zubar da ruwan tulu, ruwan sama kuma bai zo ba: ƙaruwar ayyukan yi da bunƙasar tattalin arzikin Kansas a waɗannan shekaru sun kasa na ƙasar baki ɗaya. Kamfanonin da ke auna ƙarfin biyan bashi suka rage wa jihar daraja, Moody's a 2014, S&P a 2014 sannan ya sake a 2016.

Daga nan sai aka shiga 'yan dabaru, a tono nan a cike can. Aka cinye ajiyar da aka tarar, aka dinga kwasar kuɗi daga asusun hanyoyi har 'yan jihar suka riƙa kiran ma'aikatar sufuri da banki, ayyukan tituna da dama aka ɗage su, aka jinkirta zuba kuɗi a asusun fanshon ma'aikata, a 2015 aka ci bashin dala biliyan 1 aka zuba a fanshon, a 2016 aka rage wa jami'o'i kuɗi aka kuma yanke kashi 4 daga abin da ake biyan asibitoci da likitocin da ke duba marasa ƙarfi. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne gwamnatin da ta zo don rage haraji ita ce a 2015 ta ɗaga harajin sayayya zuwa kashi 6.5 ta ƙara santi 50 a kan kwalin sigari, kuma a lokacin harajin sayayyar nan har kan abinci yake hawa, wato uwar da ta je sayen madara da burodi tana biya, mai kamfani kuma ribarsa ba a taɓa ta.

A ɓangaren tallafin talakawa ma an matse. Dokar 2015 ta rage tsawon lokacin da iyali za su iya karɓar tallafin kuɗi zuwa wata 36, a 2016 ya koma 24, ta jero wuraren da ba a yarda a kashe kuɗin ba har da silima da wurin ninƙaya da jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ta kuma ce ba a cire fiye da dala 25 a rana a ATM, alhali yawancin injinan takardar dala 20 suke bayarwa kuma duk cirewa da caji. Wannan sharaɗin na ATM dai an janye shi daga baya.

Makarantu da kotu

Kundin tsarin mulkin Kansas ya wajabta wa majalisa ta samar da kuɗin ilimi yadda ya dace, kuma tun 2010 wasu gundumomin makarantu suka kai jihar ƙara, shari'ar da ake kira Gannon. Kotun ƙolin jihar ta yanke a 2014 cewa rabon kuɗin ba adalci tsakanin gundumomi masu arziki da matalauta, a watan Maris na 2017 kuma ta ce kuɗin ma gaba ɗaya bai isa ba. A tsakanin nan, a 2015, wasu gundumomi kamar Concordia da Twin Valley sun rufe makarantu kwanaki kafin ƙarshen zango don kuɗi ya ƙare musu. A ƙaramin garin karkara a Kansas makaranta ita ce komai, nan ake wasan ƙwallo ranar Juma'a da dare, nan mutane da yawa ke aiki, kuma garuruwan nan su ne gidan Republican, don haka ƙorafin daga cikin gida ya taso.

Yadda aka rushe ta

Brownback ya sha da ƙyar a zaɓen 2014 a hannun Paul Davis na Democrat. A 2016 masu sassaucin ra'ayi suka dawo da ƙarfi a zaɓen fidda gwani. A Fabrairun 2017 majalisa ta zartar da dokar janye zaftarewar, gwamna ya hau kujerar na ƙi, majalisar wakilai ta samu ƙuri'un tsallake shi amma ta dattawa ta gaza da ƙuri'a 3. Ranar 6 ga Yunin 2017 aka sake karawa, wannan karon dattawa suka yi 27 da 13, wakilai 88 da 31, a majalisar da Republican ke da rinjaye sosai. Aka dawo da hawa uku, kashi 3.1 da 5.25 da 5.7, aka rufe ƙofar nan ta masu kamfani, da lissafin za a samu kimanin dala biliyan 1.2 cikin shekara biyu. Brownback ya ajiye muƙaminsa a Janairun 2018 ya zama jakadan Amurka kan 'yancin addini a gwamnatin Trump, a Nuwamban shekarar kuma Laura Kelly ta Democrat ta ci kujerar gwamna.

Muhawara

Masu kare shirin suna cewa farashin mai da na amfanin gona sun faɗi daidai lokacin, kuma laifin majalisa ne da ta rage haraji ba ta rage kashe kuɗi ba. Maganar farashin gaskiya ce, sai dai giɓin ya bayyana tun kafin man ya faɗi sosai a ƙarshen 2014. Ita ma cibiyar Tax Foundation, wadda ta saba goyon bayan rage haraji, tun farko ta soki yafe wa masu kamfani da aka yi.

Masu ra'ayin riƙau a sauran jihohi ba su fasa ba, salo suka sake. North Carolina ta koma haraji bai ɗaya na kashi 5.8 a 2014 amma ta faɗaɗa harajin sayayya, Kentucky a 2022 ta sa sharaɗin cewa ba za a ƙara ragewa ba sai kuɗin shiga da ajiya sun kai wani mataki, Arizona ta koma kashi 2.5 a 2023. Kansas ɗin kanta ta sake rage haraji a 2024 zuwa hawa biyu, kashi 5.2 da 5.58, da sa hannun gwamna Kelly, harajin jiha a kan kayan abinci kuma ya koma sifiri a Janairun 2025.