Ma'anar TIE: yadda ake gano gubar da ke cikin ruwa

Ɗalibin kimiyyar muhalli a Jos ba zai daɗe ba sai ya ci karo da haruffan TIE, wato Toxicity Identification Evaluation a Turance. Wata hanya ce ta ɗakin gwaje-gwaje da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta tsara tun ƙarshen shekarun 1980, don a gano takamaimai abin da ke kashe halittu a cikin ruwa. Auna sinadarai kaɗai ba ya isa, domin sinadari na iya kasancewa a ruwa kuma ba shi ne ke kisan ba.

Ga yadda ake yi. Ana ɗebo ruwan a raba shi kwalba-kwalba, a yi wa kowace aikinta, sannan a zuba mata wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira Ceriodaphnia, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Kwalba ɗaya a bar ta yadda take. Wata a sa mata sinadarin EDTA, mai kama ƙarafa irin su tagulla. Wata a tace ta da bututun C18 mai riƙe magungunan ƙwari. Duk kwalbar da halittun suka daina mutuwa a ciki, ita ta tona asiri.

Wanda ya fi burge ni shi ne PBO, wani sinadari da ake zuba wa wata kwalbar. Magungunan ƙwari irin su chlorpyrifos da diazinon sai jikin halitta ya sarrafa su kafin su zama guba sosai, PBO kuwa yana toshe wannan sarrafawar, sai mutuwa ta ragu. In kuma maganin na dangin pyrethroid ne, irin su cypermethrin, sai mutuwar ta ƙaru. Da an samu alama, sai na'urar GC-MS ta fito da sunan maganin, sannan a zuba shi cikin ruwa mai tsabta a ga ko zai yi irin wannan kisan.

A Jos abin yana da amfani ƙwarai. Masu lambun kabeji da tumatir da yawa suna ban ruwa daga tsofaffin kududdufan haƙar kuza da kogin Dilimi, wasu kuma a bakin ruwan suke wanke famfon feshi. In kifi ya taso matacce, wani ya ce kuza ce, wani ya ce feshi ne. Kwalbar EDTA da ta C18 ne za su raba gardamar, muddin an kai ruwan ɗakin gwaji cikin ƙanƙara, da wuri, kafin maganin ya lalace.