Filin Fitilu na Uluru da Asuba: Tambayoyi da Amsoshi

Masu karatu a Tawa da suka ga hotunan wani fili cike da fitilu a tsakiyar hamada sun nemi ƙarin bayani a kansa.

Ina wannan fili yake, kuma wa ya ƙirƙire shi?

Yana tsakiyar Ostareliya, kusa da dutsen Uluru mai tsayin mita 348. Bruce Munro, ɗan Ingila mai fasahar haske, shi ne ya tsara shi bayan tunanin ya zo masa a ziyarar da ya kai wurin a 1992, amma sai a 2016 aka buɗe shi. Siraran sanduna ne kimanin 50,000 aka kakkafa a ƙasa, kowace da ƙwallon gilashi a kanta, kuma dukkansu da hasken rana suke aiki: alluna suna tara wuta da yini, fitilun su kama idan duhu ya yi, launinsu yana sauyawa a hankali.

Me ya sa wasu suka fi son zuwa da asuba?

Wanda ya je da dare fitilu kawai zai gani, alhali mai sammako yana ganin abu biyu suna karɓar juna. Ana isa cikin duhu, a tsaya bisa wani tudun rairayi, fili duka yana walƙiya a ƙasa. Da alfijir ya keto sai fitilun su fara dushewa, dutsen da ba a gani ɗazu ya bayyana daga nesa, launinsa yana komawa ja yayin da rana take ɗagowa. A ganina wannan lokaci ya fi dacewa, domin a nan ne mai kallo yake gane cewa aikin bai zo yin gasa da hamadar ba, ita ce ta ba shi kyau.

Wane shiri ake yi?

Rigar sanyi tun farko. Mutumin Adar ya san yadda ɗari yake ratsa ƙashi da asuba a watan Janairu, to can lokutan a juye suke: daga Yuni zuwa Agusta, muna cikin damina, su suna tsakiyar sanyi, har yakan kusa daskarar da ruwa. Motoci suna ɗaukar baƙi daga masaukansu a garin Yulara tun kafin gari ya waye, saboda haka Musulmi ya duba lokacin sallar asuba, ya tafi da alwalarsa.

Akwai abin da ya kamata a kiyaye?

Akwai. Uluru wuri ne mai tsarki ga al'ummar Anangu, 'yan asalin yankin, waɗanda aka mayar wa mallakar ƙasarsu a 1985, kuma tun Oktoba 2019 an hana hawa dutsen. A cikin filin ma ana bin hanyoyin da aka shata ne kawai, ba a taɓa sandunan, domin ƙwallayen da ke kansu gilashi ne kuma akwai siraran wayoyi shimfiɗe a ƙasa.